Ba ni da kuɗin gina masallaci, me zan bari bayan raina?

Tambaya: “Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne, shekarata 46. Ina da mata ɗaya da ’ya’ya shida, da yara uku masu koyon ɗinki a shagona. Gidan da nake zaune na gado ne, mu huɗu muke da shi da ’yan’uwana, ba a raba ba. Kwanan baya wani attajirin unguwarmu ya rasu, aka yi ta lissafa masallatai da rijiyoyin da ya gina. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ni samuna daga hannu sai baki. Akwai abin da mai ƙaramin ƙarfi irina zai yi wanda zai ci gaba da amfani bayan ransa, ko wannan ƙofa ta masu hali ce kaɗai?”

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mamacin, ya karɓi aikinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Malam tela, in na fahimce ka, kana tambaya ne ko mutumin da rayuwarsa ta ƙare tsakanin shago da gida da masallaci yana da abin da zai ci gaba da gudana a kansa bayan an rufe shi. Yana da shi, kuma mafi yawansa yana hannunka tun yanzu. Ni aikina rabon gado ne. Na daɗe ina zama da magada a zaure bayan an tashi daga zaman makoki, a buɗe akwati, a fito da takardu, a kira masu bin bashi da waɗanda ake bi. Daga wannan kujerar zan amsa maka, domin a nan ne ake ganin abin da ya tsaya bayan mutum da abin da ya bi shi ya watse. Abin da na fi gani yana tsayawa shi ne wanda mamaci ya danƙa a hannun wani tun yana raye, aka san na wane ne, aka kuma san mai kula da shi.

Abin da nassi ya faɗa

Asalin maganar hadisin Abu Huraira ne da Imam Muslim ya ruwaito: idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa na gari mai yi masa addu’a. Ka lura, biyu daga cikin ukun ba da kuɗi ake sayensu ba. Ita sadakar ma ba a gindaya mata adadi ba. Imam Nasa’i ya ruwaito cewa dirhami ɗaya ya tsere wa dirhami dubu ɗari, domin mai shi biyu ya mallaka ya bayar da ɗaya, wancan kuwa ya ɗiba ne daga gefen dukiya mai yawa.

Akwai kuma labarin Sa’adu bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Bankwana, a lokacin ’ya ɗaya gare shi. Ya nemi ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Ya ce rabi, aka hana shi. Aka tsayar masa da sulusi, aka ce sulusin ma da yawa, kuma ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. A cikin wannan hadisin ne aka gaya masa cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Saboda haka kuɗin cefanen da kake ajiyewa kowace safiya, da kuɗin makaranta, da na magani, kada ka riƙa ganinsu a matsayin abin da ya tare maka hanyar aikin lada. Suna cikin aikin, in dai niyya ta gyaru.

Fara da kada ka bar rikici

Kafin a zo maganar abin da za ka gina, akwai abin da ba a cika kawowa a wa’azin sadaka mai gudana ba, alhali shi ne farkon abin da muke tambaya a zaure: wa ke bin sa, wa yake bi, kayan wa ke hannunsa? Tsarin shari’a a fili yake. Ana fitar da kuɗin sutura da binnewa, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada su raba. Ayoyin gado na Suratun Nisa’i sun yi ta maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mutum da ake bin sa bashi, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma, a ruwayar Muslim, ana gafarta masa komai ban da bashi.

Kai tela, shagonka cike yake da haƙƙin mutane. Shadda da yadi da atamfar da ke jibge a kan kanta ba naka ba ne. Wani ya ba da kafin alƙalami, wani ya biya duka bai karɓi ɗinkinsa ba, mai zare da mai maɓalli suna bin ka cikon kuɗi, kana cikin adashi wataƙila ka riga ka kwasa saura zubi. Duk wannan a kanka yake, kai kaɗai ka san shi. In ta Allah ta kasance ana saura kwana goma sallah, wa zai iya warware wannan?

Na taɓa zama a kan gadon wani ɗan kasuwa mai rufin asiri. Matarsa ta ce shekarun baya, lokacin da jarinsa ya karye, ta sayar da sarƙarta da tumakinta biyu ta ba shi a kan rance. Ban ga alamar ƙarya a tare da ita ba. Amma babu takarda, babu wanda ya shaida, shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, ƙila don kunya. ’Yan’uwansa suka ce ba su san zancen ba, kuma da gaskiyarsu, ba su sani ba. Maganar ta kai gaban alƙali, aka yi ta kai da komo. Ta tashi da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, da baƙin ciki, kuma har yau ’ya’yanta ba sa taka gidan baffanninsu. Mutumin nan mai kyauta ne, an shaide shi da sahun gaba. Layi biyu a takarda da sun tsare zumuncin gidansa.

Na kuma raba gadon wani mai facin taya da bai mallaki komai ba sai injin iska da babur da akuya uku. Ɗansa ya miƙo mini littafin makaranta mai bangon kwali, duk ya yi baƙi da man inji. A ciki, da ajami, ya rubuta kowane bashi da ranarsa, wanda ya biya ya ja masa layi. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa akuya mai jan wuya ta matarsa ce, kuma tayoyi biyun da ke bayan ƙofa ajiyar wani direba ce. Tsakanin la’asar da magariba muka gama, ba wanda ya ɗaga murya. Direban da aka kira ya karɓi tayoyinsa ya fashe da kuka, domin shi kansa ya manta da su.

Don haka shawarata ta farko ba ta buƙatar komai sai littafi da biro. Ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka. Ka liƙa suna da lambar waya a jikin kowane yadi. Ka rubuta abin da yake na maiɗakinka a cikin gida da cikin jarinka, har da ragowar sadaki in akwai, domin shi ma bashi ne. Ka sanar da ita bankunan da kake ajiya da asusun da ke cikin wayarka. Mutane da yawa suna zaton sunan da suka cike a takardar banki na wanda za a tuntuɓa shi ne magajin kuɗin. A shari’a ba haka ba ne, kuɗin na dukkan magada ne, kuma banki kan nemi takardar kotu kafin ya saki. Kuɗin da ba wanda ya san da shi kuwa sai ya kwana a can iyali na fama da yunwa.

Sai gidan gadonku. Ka ce ku huɗu ne. Tambayar da zan yi maka, kuma ka yi haƙuri da ita: huɗun nan har da mata, ko maza kaɗai aka ƙirga? Sau da yawa in aka ce “gidanmu ne mu huɗu”, sai a tarar akwai ’yan’uwa mata uku a gidajen aure da kunya ta hana su magana, akwai kuma tumunin mahaifiya da ba a taɓa fitarwa ba. Ko da ba haka ba ne, barin gado ba rabo yana da haɗari. Duk magajin da ya rasu kafin a raba, kasonsa ya koma kan nasa magadan. Gidan mutum huɗu, in ya shekara ashirin a haka, sai ya zama na mutum talatin da ba su shaƙu da juna ba, kuma a ƙarshe sayar da shi ake yi a raba kuɗin da ba zai sayi ko fili ba. Ba dole ne ku sayar ko ku ja katanga ba. Ku zauna yanzu da kuke raye kuna jin kunyar juna, a ƙiyasta gidan, a fitar da kason kowa, a rubuta, shaidu su sa hannu. In ka yi wannan, ka ɗauke wa ’ya’yanka shida shari’ar da za ta iya cin ƙuruciyarsu.

Yaran shagonka

Yanzu ga inda nake ganin dukiyarka ta gaske take, kuma ka ambace ta a tambayarka kamar ba komai ba: yara uku masu koyon ɗinki.

Malamai sun yi bayani cewa ilimin addini shi ne kan gaba a cikin ilimin da ake amfana da shi. Amma sana’ar da mutum zai ci halal da ita, ya rufa wa kansa da iyalinsa asiri, ya tsira daga roƙo, tana cikin alherin da amfaninsa ke wuce mai shi, kuma wanda ya nuna hanyar alheri yana da kwatankwacin ladan wanda ya aikata. Yaron da ka koya wa ɗinki zai ciyar da gida da shi shekara arba’in. Zai koya wa wasu, su ma su koya wa wasu. Babu rijiyar da ke haƙa wata rijiya, amma almajiri yana yaye almajiri.

Sai dai a nan akwai wata al’ada a sana’o’inmu da nake so ka duba kanka a kai. Ka fi ni sanin yadda ake yi. Yaro ya shekara uku yana guga, yana sa maɓalli, yana kai saƙo, yana sayo abinci. An bar shi ya hau keke ya yi dogon layi, amma ranar da za a yi yanka sai maigida ya aike shi kasuwa. Awo da yanka, yadda ake fitar da wuya da hammata, yadda ake lissafin yadi kada a yi asara, yadda ake yanka wa mai ciniki farashi, waɗannan ake riƙewa, don tsoron kada yaro ya buɗe shago a gefe ya janye mutane. Haka ake yi a gareji, haka a wajen kafintoci da masu walda. Na fahimci tsoron, ba na raina shi, kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma na ga ƙarshen abin. Maigida ya rasu, ’ya’yansa ba su koyi sana’ar ba, yaransa ba su iya yanka ba. Sai mu sa wa kekuna kuɗi a matsayin tsohon ƙarfe, mai shago ya karɓi makullinsa, gwanintar shekara talatin ta shiga ƙasa tare da mai ita.

Wanda ya sake hannu kuwa, ranar rabon gadonsa za ka gane. Manyan mutane masu shagunansu suke zuwa su durƙusa a gaban matarsa suna kiranta Inna. Su ne ke ɗinka wa marayunsa kayan sallah ba a roƙe su ba, su ne ke ɗaukar ɗansa su koya masa abin da ubansa ya koya musu. Wanda maigida ya ji tsoron zai zama kishiyarsa, shi ya zama gatan gidansa.

To ka sa wa kowane yaro wa’adi, ka gaya masa da iyayensa: a shekara kaza za ka iya kaza, a shekara kaza zan yaye ka. Ka ba shi almakashi ya yanka, ya ɓata yadi mai arha a gabanka ka gyara masa. In lokacin sallama ya yi, ka taimaka masa da abin da ya sawwaƙa, ko tsohon keke ne, ka kuma tura masa aiki in ya yi maka yawa. Ka sani kuma ba ɗinki kaɗai suke ɗauka a wurinka ba. Suna kallon ko kana mayar da ragowar yadi ga mai shi. Suna jin ka in ka ce wa mutum “jibi” alhali ka san sai mako mai zuwa. Telan da ya yaye yara uku masu cika alkawari ya gyara wani abu a garinsu da wa’azi ya daɗe yana fama da shi.

Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma abin da ya kai karatunta ƙauyuka shi ne tsarin ’Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata, ta karantar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji da malfa a ka, su koma garuruwansu su karantar da matan da ba za su iya zuwa wurinta ba. Ta rasu, tsarin bai rasu ba, domin ta bar masu koyarwa.

Game da ’ya’yanka ba zan tsawaita ba, ka san nauyin. Abu biyu kawai nake gani daga inda nake zaune. Na ɗaya, ɗa na gari a hadisin ya haɗa mace da namiji, kuma sau da yawa wadda ke tuna uba da addu’a da sadaka shekaru bayan kowa ya shiga harkarsa ’ya mace ce. Kada a rage mata karatu don a ƙara wa namiji. Na biyu, adalci. Mahaifin Nu’umanu bin Bashir ya ba shi kyauta shi kaɗai, ya zo neman Annabi (SAW) ya shaida. Da ya ji ba a ba sauran ’ya’yan irinta ba sai ya ƙi, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin ’ya’ya. Mafi zafin rigimar da nake gani a zaure tushenta ba kuɗin da ke gabanmu ba ne, wani fifiko ne da uba ya nuna shekara ashirin da suka wuce. ’Ya’yan da suka rabu a kan haka da wuya su haɗu su yi wa uba addu’a.

In ɗan abu ya samu: kyauta, wasiyya, hubusi

Hanya uku ce ta fitar da wani abu daga dukiyarka don ya amfani wani, kuma mutane suna cakuɗa su, shi ya sa niyya mai kyau takan lalace a hannunmu.

Kyauta ita ce abin da ka bayar kana raye kana da lafiya. Sharaɗinta a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, shi ne wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai da wannan. In mai bayarwa ya rasu abin yana hannunsa, ya koma gado. Sau da yawa yaro yakan ce mini, “Maigida ya ce keken nan nawa ne.” Na yarda ya faɗa. Amma keken yana shagon maigida, shi ke aiki da shi har ya kwanta ciwo, don haka na magada ne, sai in sun ga dama su bar masa. In ka yi niyyar ba wani abu, ka miƙa masa ya ɗauka a gaban shaidu. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Wasiyya ita ce abin da ka ce a fitar bayan ranka. Ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun amince. In an biya bashi ya rage naira 900,000, iyakarka 300,000. Kana iya sauya ta ko ka soke ta duk lokacin da ka so. Amfaninta babba shi ne tana kai wa ga waɗanda rabo ba ya kai wa: agola, ɗan riƙo, yaron shagon da ya yi maka hidima, da jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa alhali kana da ’ya’ya maza a raye. Wannan na ƙarshen yana ci mini rai ƙwarai. Yara marayu suna zaune a tsakar gidan kakansu, ana rabo, ba su da ko sisi, domin baffanninsu sun shamakance su. Shari’a ta bar wa kakan ƙofar sulusi don irin wannan, shi ne bai shiga ba. Masar ta mayar da irin wannan wasiyya dole a dokarta ta 1946. Mu a nan sai kaka ya yi da kansa. Ka rubuta, ka sa adalai biyu su shaida, domin takardar da aka tsinta a ƙasan akwati ba shaida gardama take jawowa.

Hubusi, ko wakafi, shi ne a tsare asalin abu a sadaukar da amfaninsa. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare ta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne malamanmu na Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake ɗauka, ba sai gida ko gona ba, kuma Khalid bin Walid sulkunansa da kayan yaƙinsa ya tsare saboda Allah. Ke nan keken ɗinki ɗaya yana iya zama hubusi. Ka ware shi ka ce na koyon marayun unguwa ne, ka fitar da shi daga mallakarka, ka danƙa wa wani amintacce, a rubuta wa zai kula da shi in shi ma ya kau. Haka Alƙur’ani da littattafai a makarantar allo ko Islamiyya. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da hubusi, in abin ya kai girman da za a yi masa rajista.

Maganar mai kula ɗin nan kada ka ɗauke ta da wasa. Ka zaga unguwanni da ƙauyuka ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da aka kafa wa allo da sunan mai bayarwa, famfon ya mutu, tankin ya tsage, yara suna wucewa da jarkoki zuwa wani wuri. Wanda ya gina ya yi niyyar alheri, Allah ya ba shi lada. Amma an kashe miliyoyi wajen haƙawa ba a ware ko kwabo na gyara ba. Ga ƙofa a buɗe ga mai ƙaramin ƙarfi. Kai da maƙwabta biyar kuna iya haɗa kuɗin da zai tayar da famfon da ya shekara a mace. Ruwan da za a sha daga ranar da hannunku a ciki, ko da sunan wani ne a allon.

Itace ma haka. Hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Dasawa ba ta da wuya, rainon ne aiki: kariya daga awaki da ban ruwa a rani biyu ko uku na farko. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ƙaramin aiki ke zama in an dage. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da haka itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa ba dasa su aka yi ba. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ’ya’yansa abincin dabbobi ne. Kai da ke birni, darbejiya ɗaya a ƙofar shago ko mangwaro a harabar makarantar unguwa, in ka raine shi ya kama, ya isa.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ni zahiri nake gani. Ina iya gaya maka abin da ke ɗorewa a hannun mutane da abin da ke rushewa, amma awon lada da karɓar aiki na Allah ne, kuma yana bin niyya. Don haka kada ka auna kanka da attajirin unguwarku, kada kuma ka rage masa komai a zuciyarka. An ba shi dukiya za a tambaye shi a kanta, kai ma an ba ka sana’a da yara da iyali.

Batun gidanku kuma ba a yanke shi daga nesa. Kason kowa ya danganta da wa da wa ke raye ranar da mahaifinku ya rasu, ko akwai wanda ya rasu bayansa, ko wani ya yi gini a ciki da kuɗinsa. Ka tattara waɗannan bayanai ka kai wa malamin da ya san fara’ila, wato ilimin rabon gado, a garinku, in da saɓani ku je kotun shari’a, domin takardar da alƙali ya sa wa hannu ita ce za ta yi wa ’ya’yanku amfani. Ka fara tuntuɓar babban yayanku a keɓe kafin ka tara kowa, kada a ɗauka kasonka kake nema ka fita.

Allah ne mafi sani.